Yadda Ake Gano Irin Ƙurajen Fuska Da Abin Da Ke Haddasa Su

Na yi fama da ƙurajen fuska shekaru masu yawa tun farkon balagata, daga baya kuma na zama wanda ƙanne da abokai suke nufa idan nasu suka fito. Abin da na fi gani a wurinsu shi ne gaggawar sayen magani tun kafin mutum ya san irin ƙurajen da ke fuskarsa, ballantana abin da ya jawo su. Sai ya shafa wannan kwana biyar, ya koma wancan kwana bakwai, fuska ta ƙara ɓaci, ya ce babu abin da yake yi masa aiki. Hanyar da zan bayyana a nan bincike ce da mutum zai yi wa kansa a gida, kuma tana buƙatar aƙalla makonni 12 kafin a ce an kammala ta.

Kayan da za a tanada

Ana buƙatar madubi da wuri mai hasken rana, domin hasken fitila yana ɓoye ƙananan ƙuraje, yana kuma sauya launin tabo. Ana buƙatar waya mai ɗaukar hoto, da ƙaramin littafi da biro. Wanda ba shi da waya mai kyamara zai iya zana siffar fuska a littafin, ya riƙa ɗiga alama a duk inda ƙurji ya fito, kuma na ga wannan ya yi wa mutane aiki sosai. Sai sabulun wanke fuska marar kaifi, wanda ba shi da turare mai ƙarfi ko ɓarɓashin goge fata, da tawul masu tsabta guda biyu ko uku waɗanda fuska kaɗai za a riƙa sharewa da su, da man shafawa marar nauyi wanda aka rubuta a jikinsa cewa ba ya toshe ƙofofin gashi. Abu na ƙarshe, ka tattaro duk abin da kake shafawa a fuska ko a gashi, da duk maganin da kake sha, ka ajiye su wuri ɗaya tare da kwalayensu. Kada ka sayi maganin ƙuraje tukuna.

Mataki na 1: Fahimci yadda ƙurji yake samuwa

A ƙarƙashin kowace ƙofar gashi akwai wata 'yar jaka da ke fitar da maiƙo, wanda aikinsa shi ne hana fata bushewa. Waɗannan jakunkuna sun fi yawa da girma a fuska, ƙirji da saman baya, shi ya sa ƙurajen suka fi fitowa a nan, ba a taɓa ganinsu kuma a tafin hannu ko tafin ƙafa, inda babu irin jakar. Abubuwa huɗu ne suke haɗuwa su haifar da ƙurji. Jakar tana fitar da maiƙo fiye da kima. Matattun ƙwayoyin fata da ya kamata su zube sai su manne da juna su toshe ƙofar. Wata ƙwayar cuta da ke zaune a fatar kowa, mai suna Cutibacterium acnes, sai ta sami wuri rufaffe mai maiƙo ta yi ta hayayyafa. Daga nan sai garkuwar jiki ta taso mata, wurin ya kumbura, ya yi ja, ya tara mugunya.

Abin da ke sa jakar ta ƙara aiki shi ne sinadaran jiki na maza da ake kira androjin, waɗanda mata ma suna da su, kuma suna ƙaruwa a lokacin balaga. Wannan ne dalilin da ya sa kusan kashi 85 cikin 100 na masu shekara 12 zuwa 24 suke yin ƙurajen, ko da kaɗan ne. Gado ma yana da hannu, domin wanda iyayensa suka yi masu tsanani ya fi kusa da yin irinsu.

Abin da nake so ka riƙe daga duk wannan bayani shi ne cewa toshewar tana farawa makonni kafin ido ya ga komai. Ƙurjin da ka tashi da shi yau da safe ya daɗe yana haɗuwa a ɓoye, saboda haka ɗora laifinsa kan abin da ka ci jiya da dare kuskure ne, haka ma yanke hukunci kan magani bayan mako guda.

Mataki na 2: Ɗauki hoto, ka buɗe littafi

Ka wanke fuska, ka jira kamar rabin awa ja ya kwanta, sannan ka ɗauki hoto uku: gaba, gefen dama, gefen hagu. Idan akwai ƙuraje a ƙirji ko baya, su ma a ɗauka. Za ka maimaita wannan sau ɗaya a kowane mako, a rana ɗaya, a wuri ɗaya, da haske iri ɗaya. A littafin kuma ka rubuta kwanan wata, adadin sababbin ƙuraje, abin da ka shafa, da duk wani abu na daban da ya faru a makon, kamar rashin barci, jarrabawa, ko zuwan jinin al'ada. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne ɗaukar hoto kullum, wanda ba ya nuna canji, sai dai ya ƙara wa mutum damuwa.

Mataki na 3: Tantance irin ƙurajen

Ka tsaya gaban madubi da hannu a wanke, ka duba ba tare da matsawa ba. Ƙurajen sun kasu gida biyu manya, waɗanda ba su kumbura ba da waɗanda suka kumbura.

Na farko su ne masu baƙin kai da masu farin kai. Mai baƙin kai ƙofa ce da ta toshe amma bakinta a buɗe yake, kuma baƙin da ake gani ya samo asali ne daga iskar da ta taɓa maiƙo da launin fatar da suka taru a wurin. Mutane da yawa suna ɗaukarsa datti, su yi ta dirza, alhali wanka ba ya fitar da shi. Mai farin kai kuwa ƙofar ce a rufe ruf, yana nan kamar ƙaramin tsaba a ƙarƙashin fata, ba ya ciwo, kuma sau da yawa yatsa ya fi ido saurin gano shi.

Na biyu su ne masu kumburi. Akwai ƙananan da suka tashi suka yi ja ko suka yi duhu, masu zafi idan an taɓa, ba su da baki. Akwai waɗanda suka tara mugunya a kai. Sannan akwai manya masu zurfi, masu tauri ko masu ruwa a ciki, da ke yin makonni ba su tafi ba, suna ciwo ko ba a taɓa su ba. A fata mai duhu jan ba ya fitowa sosai, don haka zafi da tudun wurin su ne abin dogaro. Idan irin manyan nan ne suka fi yawa a fuskarka, ko kuma ka ga sun fara barin ramuka, ka tsallake kai tsaye zuwa mataki na 10, domin maganin da ake saya ba da takardar likita ba ba ya isa zurfinsu, kuma jira yana ƙara tabo.

Ka kuma raba ƙurji da tabo. Baƙin ɗigon da ya kwanta daidai da fata, wanda ƙurji ya bari bayan ya warke, ba ƙurji ba ne, kuma yakan ɗauki watanni kafin ya dushe. Na sha ganin wanda ƙurajensa suka ragu da rabi amma yana kuka babu canji, saboda tabon yake ƙirgawa.

Mataki na 4: Tabbatar ba wani ciwon ne ya yi kama da su ba

Alama mafi amfani ita ce wannan: ƙurajen fuska na ainihi sukan zo a gauraye, wani baƙi, wani fari, wani babba, wani ƙarami, kuma ba su cika ƙaiƙayi ba. Idan ka ga ƙananan ƙuraje masu girma ɗaya kamar an auna, a goshi, ƙirji ko baya, suna ƙaiƙayi musamman bayan gumi, babu masu baƙin kai a cikinsu, to akwai yiwuwar wani naman gwari ne mai suna Malassezia ya shiga ƙofofin gashin. Wannan maganin naman gwari yake buƙata, kuma shan maganin kashe ƙwayoyin cuta na iya ƙara masa ƙarfi. Idan ƙurajen a gemu da wuya kaɗai suke, suna tashi kwana biyu ko uku bayan aski, ka duba da kyau za ka ga gashi ne ya lanƙwashe ya koma cikin fata, abin da ya fi samun masu murɗaɗɗen gashi. Maganinsa barin aski na ɗan lokaci, ko rage gemu da inji maimakon reza. Ƙurajen zafi kuwa sukan zo da zafin gari su tafi da sanyinsa cikin 'yan kwanaki.

Mataki na 5: Duba inda suka fi taruwa

Wurin da ƙuraje suka zaɓa yana yawan tona asirin abin da ke jawo su. Idan ƙananan masu farin kai ne suka jeru a goshi da gefen kunne, daidai inda gashi ya ƙare, ka tuhumi man gashi, wanda ke narkewa ya gangaro, ko ya shafi rigar matashin kai ya dawo fuska da dare. Idan suna bin layin igiyar hular kwano, ko inda takunkumi yake zama, ko kafaɗar da ke ɗaukar jaka, to gogayya da gumi ne. Idan kunci ɗaya ya fi ɗaya, ka lura da gefen da kake kwanciya, da wanda kake manna waya, da ɗabi'ar yin tagumi. Idan kuwa a haɓa da muƙamuƙi suke, masu zurfi, ga mace baliga, sinadaran jiki ne abin da za a fara dubawa.

Akwai hotunan da ke yawo a intanet masu cewa ƙurjin goshi daga hanta yake, na hanci daga zuciya. Babu wata hujjar likitanci a bayan wannan, kada ka ɓata lokacinka a kai.

Mataki na 6: Bincika kayan shafa da magunguna

A nan ne na fi samun mai laifi, shi ya sa nake so ka zauna ka karanta jikin kowane kwali a tsanake. Abu na farko da za ka nema shi ne sinadarin sitiroyid, wato magani mai ƙarfi na kwantar da kumburi da ƙaiƙayi. Yana cikin wasu mayukan ƙaiƙayi, yana kuma cikin mayukan bilicin da yawa, wani lokaci ma ba a rubuta shi ba. Sunayen da za ka gani a jikin bututu sun haɗa da clobetasol da betamethasone. Yaudarar wannan sinadari ita ce a makon farko yana kwantar da ja da kumburi, har mutum ya ga ya dace, amma bayan makonni sai ƙuraje masu kama da juna su feso gaba ɗaya, fata ta yi siriri, ƙananan jijiyoyi su bayyana. Da ya daina sai fuska ta ɗauki zafi ta yi ja, sai ya koma, a haka wasu suke shafe shekaru. Wanda ya daɗe yana shafa irin wannan mai kada ya yanke shi rana ɗaya shi kaɗai, ya nemi likita ya tsara masa yadda zai janye a hankali. Duk haɗin man da ba a rubuta abin da ke cikinsa ba, ni ina ɗaukarsa a matsayin mai sitiroyid har sai an nuna mini akasin haka.

Bayan wannan sai mayuka masu nauyi da maiƙo, irin su man kwakwa a fuska, da hoda mai kauri da ake kwana da ita. Sai magungunan sha: sitiroyid na sha ko na allura, sinadaran gina tsoka da wasu masu ɗaga ƙarfe suke amfani da su, litiyam na wasu cututtukan taɓin hankali, wasu magungunan farfaɗiya kamar fenitoyin, isonayazid na tarin fuka, bitamin B12 mai yawa, da wasu hanyoyin tazarar haihuwa masu sinadarin furojestin kaɗai. Ka duba ko fitowar ƙurajen ta zo daidai da fara ɗaya daga cikinsu. Idan likita ne ya rubuta maka maganin, kada ka daina sha saboda fuska, ka koma ka gaya masa abin da ka lura da shi.

Mataki na 7: Kwatanta littafin da yanayin jiki

Bayan makonni huɗu zuwa takwas littafinka zai fara magana. Ga mata, ki duba ko ƙurajen suna ƙaruwa a makon da ke gaban zuwan al'ada, sannan su lafa bayanta, wanda abu ne da ya zama ruwan dare. Amma idan tare da ƙurajen al'adarki tana tsallake watanni, gashi yana fito miki a haɓa ko ƙirji, ko gashin kai yana zubewa daga tsakiya, ki ga likita ya duba ko akwai wani ciwo na mahaifar ƙwai da ke sa androjin ya yi yawa, domin shafe-shafe kaɗai ba za su shawo kansa ba.

Damuwa da ƙarancin barci suna tsananta ƙuraje ga wanda dama yana da su. Batun abinci kuwa, abin da bincike ya fi nunawa shi ne abinci mai saurin ɗaga sukarin jini, kamar lemon kwalba da kayan zaƙi, da kuma madarar shanu ga wasu mutane. Tasirin yana da iyaka kuma ya bambanta daga mutum zuwa mutum. Idan kana zargin wani abinci, ka bar shi shi kaɗai na makonni shida zuwa takwas ka gani, kada ka haramta wa kanka rabin abin da kake ci saboda jita-jita.

Mataki na 8: Daidaita wankin fuska, ka cire abu ɗaya

Tun daga makon farko ka riƙa wanke fuska sau biyu a rana, safe da dare, da ƙarin sau ɗaya bayan gumi mai yawa. A yi da yatsu da ruwa mai ɗumi kaɗan, kamar na rabin minti, a ɗauraye, a danna tawul a hankali ba tare da gogawa ba. Soso, burushi, da wankewa sau biyar a rana suna yayyage saman fata su ƙara kumburi. Man goge baki, ruwan lemon tsami da tafarnuwa da wasu ke ɗorawa a kan ƙurji suna ƙona wurin su bar baƙin tabo wanda ya fi ƙurjin daɗewa. A sauya rigar matashin kai aƙalla sau ɗaya a mako, wanda ba shi da ta canji ya shimfiɗa wankakkiyar riga a kai.

Daga cikin abubuwan da ka tuhuma a matakai na 5, 6 da 7, ka zaɓi wanda ya fi ƙarfin zargi ka cire shi, ka bar sauran yadda suke. Idan ka cire biyar a lokaci guda fuska ta yi kyau, ba za ka san wanne ne ba, kuma wata rana za ka koma masa.

Game da matsa ƙurji, na san hannu ba ya jin magana. Matsawa tana fasa bangon jakar daga ciki ta tura mugunya ƙasa, abin da zai warke a kwana biyar ya koma na mako uku da tabo. Idan ƙurji yana ciwo, ka naɗe ƙanƙara a tsumma mai tsabta ka ɗora na mintuna kaɗan. Wanda ya fito a hanci ko leɓen sama kada a taɓa shi sam, domin jijiyoyin jinin wurin suna da hanya zuwa cikin kai.

Mataki na 9: Zaɓi magani ɗaya da ya dace da irin da ka gano

Yanzu ne lokacin zuwa kantin magani. Ga masu baƙin kai da farin kai, ana amfani da salisilik asid mai ƙarfin kashi 0.5 zuwa 2, ko adafalin mai kashi 0.1, wanda ya fi ƙarfi wajen buɗe ƙofofin da hana sababbi toshewa. Ga masu ja da mugunya, maganin da aka rubuta benzoyl peroxide a jikinsa shi ne na farko, domin yana kashe ƙwayar cutar kuma ba ta sabawa da shi. Yana zuwa da ƙarfin kashi 2.5, 5 da 10, kuma ina ba da shawarar a fara da mafi ƙanƙanta, tunda aikinsu ya yi kusa, amma babban ya fi busar da fata. Yana cire launin tufafi, don haka a yi amfani da farin tawul. Wanda tabo ya fi damunsa, azelayik asid yana taimakawa a kan ƙuraje da tabon gaba ɗaya.

Yadda ake shafawa yana da muhimmanci kamar maganin kansa. Ka gwada kaɗan a gefen muƙamuƙi na kwana biyu ko uku. Idan babu kumburi, ka ɗebi kamar girman ƙwayar wake ɗaya, ka shafa siriri a duk yankin da ƙuraje suke fitowa, ba a kan waɗanda ake gani kawai ba, domin waɗanda ke haɗuwa a ɓoye ake so a tare. Ka fara da dare ɗaya a shafa, dare ɗaya a huta, har fata ta saba, ka bi da man shafawa marar nauyi. Bushewa da ɗan saɓa a makonnin farko abu ne da aka saba gani, haka ma ɗan ƙaruwar ƙuraje da adafalin. Da rana a shafa man kariya daga hasken rana mai lambar ƙarfin kariya (SPF) 30 ko sama, idan babu shi a sa hula mai faɗi a rage zama cikin rana, domin rana tana ƙara wa tabo duhu. Mai ciki ko mai neman ciki kada ta yi amfani da adafalin da danginsa. Kada kuma a sayi maganin kashe ƙwayoyin cuta, na sha ko na shafawa, a yi ta amfani da shi shi kaɗai watanni, domin ƙwayar tana sabawa ya daina aiki.

Ba a fara ganin canji sai bayan makonni shida zuwa takwas, hukunci kuma sai a mako na 12 da fara maganin, ta hanyar ajiye hoton farko kusa da na ƙarshe. Idan an sami sauƙi a ci gaba da shafawa, domin dainawa da zarar fuska ta washe ita ce ke dawo da su.

Mataki na 10: San lokacin da aikin ya koma hannun likita

Ka nemi likitan fata idan ƙurajen manya ne masu zurfi, idan suna barin ramuka ko tabo mai tudu da ke ci gaba da girma, idan sun feso farat ɗaya kana babba ba ka taɓa yinsu ba, idan sun zo da zazzaɓi ko ciwon gaɓoɓi, ko idan makonni 12 sun cika babu canji. Haka nan idan sun kai ka ga ɓuya daga mutane ko ƙin fita, wannan kaɗai ya isa dalili. Inda babu likitan fata, babban likita na iya fara maka magani. Yana iya rubuta maganin sha na kashe ƙwayoyin cuta kamar doksisayikilin na watanni uku zuwa huɗu tare da na shafawa, ko maganin daidaita sinadaran jiki ga mata, ko isotiretinoyin ga masu tsanani, wanda ake amfani da shi tun 1982 kuma yana rage girman jakar maiƙon kanta. Wannan na ƙarshe yana nakasa jaririn da ke ciki, saboda haka ba a shan sa sai ƙarƙashin kulawar likita, kuma ba a karɓar ragowar na wani. Ranar da za ka je, ka tafi da littafinka, hotunanka, da kwalayen duk abin da ka shafa, har da wanda kake jin kunyar nunawa.